Ciyawar da Baba Ya Ɗaure

Satin nan saman Ankara ta sake yin halin nan nata. Gajimare ya rufe ko'ina tun asuba, iska mai sanyi tana tasowa daga teku, kowa yana ɗaga kai yana cewa yau dai sai an yi ruwa. Har magariba, ko ɗigo. Jiya ina tura mashin cikin lungunmu na Maamobi, sai na ga ragon maƙwabta ya kama kwalin taliya yana tauna, ido a lumshe kamar ya samu wani abin daɗi. Na jingine mashin na fizge kwalin daga bakinsa. Yaran gidan suka bi ni da kallo kamar na taɓu. Ban iya yi musu bayani ba, shi ya sa na zauna nake buga wannan a waya kafin a kira ni kai saƙo.

Shekarar da nake nufi, azumi ya faɗo daidai irin wannan lokaci. Na gama sakandare ke nan, ba aiki. Damina ta leƙo ta wuce, ba ta zauna ba. Babban gotan Nima, magudanar ruwan unguwar da ke maƙwabtaka da mu, wanda in ana ruwa yake kwasar har da bencin mutane, ya koma wani siririn baƙin ruwa mai wari. Ba zafi ake yi ba, a'a. Sanyi-sanyi ne, sama toka-toka, maƙogwaro a bushe, ƙasa ta tsattsage.

Babana, Isaka, ciyawa yake yanka. Duk wanda ya san zongo ya san muna kiwo a inda ko akuya ba ta da wurin juyawa. Tumaki a bayan ɗaki, shanu a bakin gota. Su ba sa zuwa kiwo, kiwon ne ake ɗauko musu a ka. Mu namu sa ɗaya ne, fari mai baƙin wuya, sunansa Kwamanda. Baba ya saye shi yana ɗan maraƙi, ana jiran Layya a sayar. Rufin ɗakinmu da ke yoyo, makarantar ƙanwata, hatsin shekara, duk a kan doron Kwamanda suke. Mma, mahaifiyata, takan ce, "A gidan nan shi ne mai albashi, ku gaishe shi."

Ciyawar kuwa daga wani tafki muke yanko ta, can hanyar Tema, inda rafi ke zuba a ruwan gishiri. Wurin yana hannun masu kula da tsuntsaye. Wata mata ce ke tsaron wurin, Madam Ayele, 'yar ƙabilar Ga, gajera, kullum cikin takalmin roba har gwiwa. Manyanta sun so su kewaye tafkin da waya su kori kowa, don an ba su wa'adi tsuntsaye su ƙaru, ba su ƙaru ba. Ita ce ta tsaya ta ce a bar mu, da sharaɗi. Ba ƙona ciyawa. A yanka gefe, a bar gefe ya huta. Sannan akwai wani ɗan tsibiri a bakin rafi, inda wasu tsuntsaye ke ƙwai a ƙasa: ba a taɓa shi sai 'ya'yan sun tashi. Tsuntsayen fari da baƙi ne, ƙafafu dogaye jajaye, mu Jan-wando muke ce musu.

Ta kafa sanduna kewaye da tsibirin, ta ɗaura jan tsumma a kan kowace. Ta kira Baba, tunda shi ne babba a masu yanka, ta gaya masa da yaren Tuwi: "Papa Isaka, in lauje ya shiga nan bana, ni ba ni da bakin magana kuma. Waya za su ja. Ku duka."

Baba ya faɗa wa mutane. Amma ka san mutanenmu. Jan tsumma a kan sanda, a bakin ruwan 'yan Ga? Kafin sati labari ya juye: ai na masu tsafin tafkin ne, wanda ya tsallaka ƙafarsa za ta kumbura. Ba wanda ya ƙara tuna zancen tsuntsu. Mutum zai zo wucewa yana a'uzubillahi yana kauda kai. Na ce, "Baba, ai ba haka ba ne." Ya ce, "Ni na ce musu tsafi ne? To bar su."

Da azumi ya kama, ga yadda ranarmu take. Mma ta tashe mu, mu sha koko da ɗan abin da ya kwana. Mu yi sallah, mu ɗauki lauje da buhu, mu kama trotro na farko, motar hayarmu ke nan. Mu sauka a bakin titi mu taka har tafki. Yanka har hantsi ya ɗaga, a ɗaure dami, a ɗora wa juna, a jira motar da muke haɗa kai mu hau. Da la'asar muna lungu, Kwamanda yana jin takunmu ya fara kuka.

Amma ciyawa ta yi ta ja da baya. Gefen da aka yanka bai tsiro ba, tunda ba ruwa. Gefen da aka bari ya huta, aka faɗa masa, shi ma ya ƙare. Muka koma tsintar guntaye masu gishiri-gishiri, waɗanda sa zai shinshina ya juya kai. Mma ta shiga bin masu abinci da roba, tana karɓar ɓawon ayaba, ɓawon rogo, ganyen dokunu, dusar masu koko. To duk zongo abin da ake bi ke nan, sai ka je ka tarar an riga ka. Haƙarƙarin Kwamanda ya fara fitowa. Wata rana na kama shi yana cin kwali. Wata rana igiyar shanya.

Duk wannan, tsibirin nan yana tsaye a gabanmu, kore shar, ciyawa har ƙirji, iska tana kaɗa ta. Kana azumi, dabbarka tana azumin dole, kana kallon ciyawar kullum.

Sai Kawu Dauda ya gano. Shi ba ɗan'uwan Baba ba ne, tare dai suka taso a Nima. Bahago ne, dogo, mai faɗa, kuma tumakin mutane ne cike a hannunsa, ga 'ya'ya. Ya zo da sassafe ya tarar da Madam Ayele tana yaga wani tsohon jan labule tana sabunta tsummokaran, tana cin gyaɗa tana sauraron rediyo.

A mota ya tayar da maganar. "Jama'a, labule ne! Labulen ɗaki! Wata biyu muna a'uzubillahi a kan labule. Isaka, ka sani ko ba ka sani ba?"

Baba ya ce, "Na gaya muku tun farko na tsuntsu ne."

"Tsuntsu! Tsuntsun nan ubana ne? Gobe da lauje zan shiga, in ga wanda zai kumbura."

Na ga mutane suna kallon ƙasa, na san gobe ba shi kaɗai zai shiga ba.

To masu yankan ciyawa suna da wata al'ada tun kafin a haife ni. In ka riga kowa zuwa wuri, sai ka kama ciyawa tana tsaye, ka murɗa kanta ka ƙulla, ka yi haka kewaye da inda kake so. Wurin ya zama naka har fitowar ranar gobe. Wanda ya yanka cikin ƙullin wani, ba duka ba zagi: ba mai ɗora masa kaya a ka, ba mai matsa masa a mota. Kuma damin ɗanyar ciyawa, komai ƙarfinka, ba ka ɗaga shi kai kaɗai. Sai dai ƙullin yana da iyaka. Da zarar mai shi ya sa lauje ya ɗebi nasa, ragowar ta zama ta kowa.

Washegari Baba bai jira an gama kiran sallah ba, a tasha muka yi ta. Kafin su Kawu Dauda su iso, mun zagaye tsibirin da ƙulli, laka har cinya, Jan-wando suna ihu suna kawo mana sura a ka. Muka fito muka tsaya.

Kawu Dauda ya kalli ƙullin, ya kalli Baba. "To, ka riga mu. Bismilla, yanka naka mu samu saura."

Baba ya ce, "Yau ba na jin yanka."

"Ka ɗaure ba za ka yanka ba?"

"An taɓa cewa dole?"

Ba a taɓa cewa ba, don ba a taɓa samun mai hankalin da ya ɗaure ciyawa ya tafi gida da buhu wayam ba. Ran nan ba wanda ya yi mana magana a mota. Gobe muka sake. Jibi ma haka. Kullum sai mun riga kowa, mu sabunta ƙulli, sannan mu je tsintar guntaye tare da mutanen da ke hararar mu.

A gida ma ba sauƙi. Mma tana zuba wa Kwamanda ɓawon rogo tana magana da shi don Baba ya ji. "Ci, bawan Allah. Maigidanka yana da gona guda ta ciyawa, ya ba tsuntsu aro." Na ce, "Baba, dami ɗaya fa. Daga gefe. Madam ba za ta gane ba." Ya ce, "Nuru, in na ɗebi tafi ɗaya, ƙullin ya mutu. Kafin azahar wurin ya zama fili." Na sani. Na dai faɗa ne don haushi.

Ana cikin goman tsakiya kwalba ta yanke Baba a tafin ƙafa, cikin laka. Ya ɗaure da tsumma ya ci gaba, kwana kaɗan ƙafar ta kumbura har ba ta shiga silifa. Ka ga abin dariya: rabin zongo suka ce to, ga shi, ai dama an faɗa. Sauran rabin suka ce kwalba ce. Ko ma mene ne, Baba ya kwanta, ɗaurin ya dawo kaina.

Ranar da ba na mantawa, trotro ya mutu mana a hanya. Direba ya buɗe gaba yana duka da sifana, met ɗinsa, yaron motar, yana cewa yanzu-yanzu. Na ga gari yana wayewa. Na diro na fara gudu, buhu a kafaɗa, lauje a hannu, mutane suna kaucewa. Bakina ya bushe har harshe yana manne wa dasashi. Da na hango tafkin, na hango mutum uku a bakin tsibiri, Kawu Dauda a gaba, yana wasa laujensa da dutse.

Na faɗa cikin laka ina haki. "Kawu, akwai ƙulli!"

"Na jiya ne. Rana ta fito."

Wani dattijo cikinsu, Baba Seidu, ya ɗaga kai ya duba sama. Toka ce kawai daga nan har teku. Ya ce, "Dauda, ni dai ban gan ta ba."

Ban jira sun gama ba. Na kama ciyawa na fara ƙullawa, ganyen yana yanka mini yatsu. Na bi ta gaban Kawu Dauda, laujensa yana daidai kunnena, ina jin warin ƙarfen. Ban ɗaga kai ba. Na zagaye na dawo inda na fara.

Sai ya sauke murya, wannan ya fi ihun tsorata ni. "Ɗan Isaka, jiya na bi ta lungunku. Na ga sanku. Ƙashinsa kaɗai ya rage. Ubanka yana kwance, kai ne mai ƙulli yau. Yanka dami ɗaya ka kai masa. Wallahi ni zan ɗora maka."

Na juya na kalli ciyawar. Sanyinta yana taɓa mini ƙirji, ƙanshinta kamar an yanka kankana. Dami ɗaya zai kai Kwamanda kwana biyu. Lauje yana hannuna, ban san lokacin da na ɗaga shi ba. Jan-wando ɗaya ta sauko gabana tana jan fiffike a ƙasa kamar ya karye, tana ihu. Can ƙarƙashin ciyawa na ga wani abu kamar ƙwallon auduga da ya faɗa laka, ya lafe, ido kawai ke motsi. Gaskiya ban ji tausayinsa ba. Abin da na gani shi ne waya an ja daga titi har teku, da mu duka tsaye a bayanta da buhuna.

Na sauke laujen. Na ce, "Kawu, yau ba na jin yanka."

Ya ce, "Kai da ubanka, kan ku ɗaya, kuma ba komai a ciki." Ya tofar da yawu ya juya. Ran nan guntayen da na tsinta ba su kai a ɗora wa mutum ba, a hammata na riƙo su.

Na shigo lungu ban ji kukan Kwamanda ba. Yana kwance, ciki ya kumbura kamar ganga, ba ya tuƙa, yawu yana zuba. Mma tana tsugune tana ɗura masa ruwan kanwa da man ja. Baba ya fito da sanda yana ɗingishi, ya danna cikin, ya saurara, ya daɗe a haka. Sai ya ce, "Nuru, kira mahauci kafin ya zama mushe."

Aka yanka shi kafin la'asar, a bakin gota. Da mahaucin ya farke tumbin, ya sa hannu ya jawo wani dunƙule ya yar a ƙasa. Baƙar leda ce, da ledar piya wata, da guntun igiya, sun murɗe sun zama abu ɗaya, ya fi kaina girma. Ashe duk lokacin da muke tafki, abin da iska ta kawo masa yake haɗiya. Mma ta kalli dunƙulen, ta shige ɗaki, ba ta fito ba sai da aka kira magariba.

Naman ba kitse, ba mai saye da daraja. Mahauci ya ɗauki abin da zai ɗauka, Baba ya ce a raba saura. Ya ware wata cinya ya ce ƙanwata ta kai gidan Dauda. Mma ta ce, "Gidan wa?" Ya ce, "Yana da yara." Muka sha ruwa da naman Kwamanda.

Da asuba Baba ya taɓa ni da sandarsa. "Tashi, za ka makara."

"In je ina? Sa ya mutu, Baba."

"Tumakin Dauda ba su mutu ba. In aka ja waya, baɗi ina zai yanka? Kai ina za ka yanka?"

Na tashi, amma ban yi sauri ba. Na bar trotro na farko ya wuce, na biyu ma. A raina na ce su cinye tsibirin har da tsuntsayen, ni na gaji. Gari ya waye sarai kafin in isa.

Tsibirin yana nan tsaye. Kuma an ɗaure shi, sabon ƙulli, ɗanye, kewaye gaba ɗaya. Na kama ɗaya na duba. Murɗin ya juya ta hagu. Kawu Dauda yana zaune a kan buhunsa wayam, laka har cinya, ya ba ni baya.

Na ce, "Kawu..."

"Kar ka yi mini magana, ina azumi."

Daga ran nan wanda ya riga zuwa shi ke ɗaurewa. Wani lokaci ni, wani lokaci shi, wani lokaci Baba Seidu. Tumakin Kawu Dauda biyu sun mutu kafin Sallah, bai fasa ɗaurewa ba. Bayan Sallah da 'yan kwanaki Madam Ayele ta zo da wani mutum mai madubin hangen nesa, suka daɗe suna leƙe. 'Ya'yan Jan-wando suka tashi a gabanmu, ƙafafu suna reto a baya kamar ba nasu ba. Ta bi sandunan ta tuge da hannunta, ta ce, "Ku shiga." Muka shiga mu duka. Na yanka dami mafi girma a rayuwata, Kawu Dauda ya ɗora mini, na kai har lungu kafin na tuna ba mai ci. Na wuce da shi Nima na sauke a ƙofarsa.

Ba a ja waya ba. Ruwa ya zo daga baya, ya same mu da rufin da ba a gyara ba, muka jera robobi a ɗaki. Ƙanwata ta zauna gida zango guda. Baba bai sake sayen sa ba har ya rasu.

Yanzu ba mai ɗaukar dami a ka, aboboya, babur ɗin kaya mai ƙafa uku, ke kawowa har bakin lungu. Watan jiya na kai saƙo wajen Tema, na ratse na leƙa tafkin. Ta gefen titi gidaje sun ci wuri sosai, an zuba ƙasa an kafa bulo inda muke tsintar guntaye. Amma ta bakin rafi an ƙara faɗin wurin da ake bari, tsibirin ya zama uku, an dasa itatuwan bakin ruwa. Madam Ayele ta yi ritaya. Wanda ya gaje ta ya ce mini Jan-wando sun fi da yawa, kuma har yanzu 'yan zongo suna yanka, gefe-gefe. Sanduna na nan, sai dai fenti ne yanzu, ba tsumma. A gindin wata na ga ciyawa a ƙulle. Ban tambayi wanda ya ɗaura ba. Na ɗauki hoton tsuntsu ɗaya da ya matso.

Da na dawo na nuna wa Mma. Ta sa tabarau, ta riƙe wayar nesa da fuska.

"Wannan ne?"

"Shi ne, Mma."

"Wannan abin ne ya cinye mana sa? Ko miyar mutum ɗaya ba zai yi ba."

Na miƙa hannu zan karɓi wayar. Ta buge mini hannu.

"Tsaya mana. Ƙara mini girmansa, in ga ƙafar da kyau."